Yaran da Ke Karanta Mana Waya a Samaru da Sabon Gari

A gidaje da dama na Samaru da Hayin Dogo, da Muciya da Cikaji a Sabon Gari, wanda ya fi kowa riƙe wayar gidan ba mai ita ba ne. Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, ko yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Ita ke saya wa mahaifiyarta data, ita ke duba ko kuɗin da yayanta ya turo sun shigo, ita ke karanta saƙon da ya zo da Turanci ta mayar da shi Hausa. Ita kuma ake ce wa, "Tura wa Gwaggonki wannan, ta ji abin da ake ciki." Kafin labari ya kai kunnen manyan gida sai ya bi ta hannunta, kafin ya tsallaka wani gidan ma haka. Aikin da a gidan jarida ba a ba kowa sai wanda aka daɗe ana gwadawa, shi muka ɗora wa yaran nan, ba tare da mun zaunar da su mun koya musu yadda ake yin sa ba.

Wannan sakaci ko a ina aka yi shi abin tsoro ne, amma a Zariya ya fi zafi. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, a daidai lokacin da jita-jita da farfagandar Jamus ke yawo gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan Hukumar NORLA ta riƙa fitar da littattafan da Yaƙi da Jahilci ya dogara da su a shekarun 1950. A wancan zamani ma mutum ɗaya mai karatu ne ke karanta wa jama'a jarida a ƙofar gida ko a rumfar kasuwa. Sai dai abin da ke hannunsa ya riga ya bi ta teburin edita, wanda aka san sunansa, aka san inda yake zaune, kuma in ya yi ba daidai ba ana iya rubuta masa wasiƙa. Jaridar ta gwamnatin Turawa ce, tana da nata ra'ayin da take karewa, masu karatun kuwa sun san haka, sun san da wa suke magana. Yaron da ke karanta mana waya a yau bai san wa ya rubuta abin da yake karantawa ba, bai san yaushe ba, bai san wa ya biya ba.

Mu tuna daren gishiri. A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. An tashi mutane daga barci da kiran waya. Wanda ya kira ka kuwa ɗan'uwanka ne, don ƙaunarka ya kira. Aƙalla mutum biyu sun rasa rayukansu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Yawancin yaran da ke ƙaramar sakandare yanzu suna goye a lokacin, wasu ma ba a haife su ba. Ba su san labarin ba, babu kuma littafin makaranta da ya ɗauke shi ya mai da shi darasi, alhali yana ɗauke da kusan duk abin da ya kamata su sani: ƙarya mai cutarwa ba ta zuwa daga bakin baƙo, ta bakin wanda ka amince da shi take zuwa, kuma tana zuwa da gaggawa, tana cewa ka yi yanzu, ka sanar da wasu kafin gari ya waye.

Gishiri jiki yake cutarwa. Akwai irin labarin da ke cin gari. Sabon Gari ya tashi ne a gefen tashar jirgin ƙasa tun farkon ƙarnin da ya wuce, ya tara Bahaushe da Bayerabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna, masallaci na kallon majami'a. Samaru kuma jami'a ta tara masa mutane daga kowace jiha. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare za ka sami Aisha da Blessing a benci guda. Wannan arziki ne, amma dattawan unguwannin nan sun san yadda yake da saurin kamawa da wuta. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafancan, cikin 'yan kwanaki ya iso Zariya, aka ƙona wuraren ibada da dukiya, kuma masu nazari da dama sun ɗora wani kaso na laifin a kan yadda aka baza labarin. A lokacin sai labari ya bi rediyo da tashar mota. A watan Yunin 2018, a Jihar Filato, hotuna ne suka bi Facebook ana cewa ga abin da ake yi wa mutane a Gashish. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Kafin a gano haka an riga an tare hanya an kashe matafiya. Duk wanda ya tura bidiyon nan yana ganin gargaɗi yake yi wa 'yan'uwansa. Ba na shakkar cewa cikin yatsun da suka danna "tura" akwai na yara.

An rene mu a kan cewa gani ya kori ji, kuma yara sun gaji wannan daga gare mu: in akwai hoto, magana ta ƙare. Amma tsohon hoto ana sa masa sabon bayani, ana yanke bidiyo a cire farkonsa, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira na iya ɗaukar muryar malami ko gwamna ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda ya fi saurin faɗa wa wannan tarko shi ne wanda ya fi amincewa da idonsa.

Za a ce ai yaran zamani sun fi mu sanin waya. Sun fi mu saurin yatsa, wannan gaskiya ne. Amma iya sarrafa waya daban, iya auna abin da ke cikinta daban. A 2016 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Sam Wineburg, sun gwada ɗalibai sama da 7,800. Cikin 'yan makarantar tsakiya, wato sa'o'in 'yan ƙaramar sakandarenmu, fiye da kashi 80 cikin ɗari sun ɗauki tallan da aka biya kuɗi a matsayin labarin jarida, alhali an rubuta a jikinsa cewa talla ne. Yara ne masu karatu da harshen uwa, a makarantu masu laburare da intanet. To ina ga namu, waɗanda ke fama da Turanci a aji, sa'annan su koma gida su tarar da yawancin abin da ke shigowa wayar ba rubutu ba ne ma, murya ce?

Wannan batu na murya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan matsalarmu ta sha bamban da ta ƙasashen da muke aro manhaja daga gare su. Labarin ƙarya na Hausa yawanci saƙon murya ne a WhatsApp. Mutum ne zai buɗe da sallama da salati, murya a natse, ya ce shi ma'aikacin asibiti ne, ko yanzu ya sauka daga mota a hanyar Birnin Gwari, ko wani babba ne ya kira shi a asirce. Ba suna, ba ranar da aka yi maganar, ba garin da aka yi ta. Saƙon da aka naɗa shekara uku da suka wuce a wata jiha yana iya dawowa yau kamar da safen nan aka yi shi a Kwangila. Ba a iya kwafar murya a liƙa a Google a nemi asalinta kamar yadda ake yi wa rubutu ko hoto. Saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke tun 2016, ko kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, balle wani mai tantancewa. Abin da kamfanin ya iya yi shi ne taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, da sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da aka tura sau da yawa. Yara nawa aka taɓa nuna wa wannan alamar, aka ce musu in sun gan ta su dakata? Ga kuma abin da ba ya bin intanet sam: bidiyon da ake loda wa mutum a katin waya a shagunan caji da na masu tura finafinai, ko wanda abokai ke tura wa juna da Xender a bayan aji.

Masu bin diddigin labarai suna nan suna ƙoƙari. Akwai Dubawa da aka kafa a 2018, akwai Africa Check, akwai CITAD a Kano da ta daɗe tana sa ido kan kalaman ƙiyayya. Amma binciken BBC na 2018 ya nuna cewa mutum huɗu kacal abokan hulɗar Facebook suka ware cikakken lokaci don tantance abin da 'yan Najeriya miliyan 24 ke gani. A watan Janairun 2025 kuma kamfanin Meta ya sanar da daina aiki da masu tantancewa a Amurka, abin da ke nuna inda hankalinsa ya karkata. Babu wani mai gadi da zai zo daga waje ya tsaya tsakanin ƙarya da gidajenmu. Dole sai wanda wayar ke hannunsa ya iya tsaron ƙofar da kansa.

Me ya sa na nace a kan ƙaramar sakandare, ban ce firamare ko jami'a ba? Domin ita ce tasha ta ƙarshe da kusan kowa ke tsayawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Daga aji uku hanya ke rabuwa. Wasu su wuce babbar sakandare, wasu su koma garejin kanikanci ko shagon ɗinki ko kasuwa, 'yan mata da dama kuma a fara maganar aurensu. Wanda bai samu darasin ba kafin jarrabawar aji uku, mai yiwuwa babu wani aji da zai sake zama a rayuwarsa. Kuma a waɗannan shekarun ne yaro ke buɗe shafinsa na farko. Facebook da TikTok sun ce sai ɗan shekara goma sha uku, amma kowa ya san ƙara shekaru a wurin rajista ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa wannan mataki ta daɗe da darasin kwamfuta da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, sabon tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 ma ya ƙara wa fasahar zamani matsayi. Sai dai a makarantu da yawa a allo ake koyar da kwamfuta: a zana ta, a haddace sunayen sassanta, a rubuta a jarrabawa. Yaro ya ci maki mai kyau, ya dawo gida ya ga saƙo cewa gwamnati na raba tallafi, a danna linki a sa lambar BVN a tura wa mutum goma, ya ɗauki katin mahaifiyarsa ya cike. Shi a ransa taimakon gida ya yi. Yayyensa sun shafe watanni a 2024 suna danna fuskar waya a Hamster Kombat da fatan samun dukiya, wasu iyayen kuma sun rasa jarinsu da CBEX ya rufe a watan Afrilun 2025, kamar yadda aka rasa a MMM a ƙarshen 2016. Makarantu da dama sun hana shiga da waya, kuma ina ganin dalilinsu. Amma hana wayar shiga aji bai kamata ya zama hana maganarta shiga aji ba. Najeriya ce ta karɓi baƙuncin makon wayar da kai kan kafafen yaɗa labarai na Hukumar UNESCO a Abuja a watan Oktoban 2022. An yi jawabai masu kyau. Abin da ya rage shi ne su sauko ajin da ke da ɗalibai fiye da kujeru.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne darasin ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma ya san ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito shi, daga wa, shi ma daga wa. Ya san akwai ingantacce, akwai mai rauni, akwai ƙagagge, kuma malamai sun ƙarar da rayuwarsu wajen binciken halin masu ruwaya. Ya san aya ta shida a Suratul Hujurati ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani. Abokiyar karatunsa Kirista ta san hanin yin shaidar zur tun tana ƙarama. Ba a dai taɓa ce musu wannan ƙa'idar ta shafi saƙon da ya shigo waya da ƙarfe goma na dare ba. Yarinyar da ake aika kasuwar Sabon Gari ta san mai kaya ba ya kushe kayansa, tana duba gindin mudu, tana taya rumfa biyu kafin ta saya. Wannan wayon shi ake so ta ɗauko ta kawo kan labari. Wa ya faɗa? Shi ya gani ko shi ma ji ya yi? Yaushe? Me zai samu in na yarda? Akwai wata kafa da na sani wadda ita ma ta faɗa? Malami ɗaya da wayarsa ɗaya zai iya kunna wa aji saƙon murya na gaske da ya yi yawo a makon, a zauna a warware shi da Hausa, domin da Hausa ya zo. Zai iya nuna musu yadda ake neman asalin hoto da Google Lens. Zai iya bayyana musu cewa mai shafin da ya sanar da mutuwar jarumin Kannywood alhali yana raye kuɗi yake nema, domin yawan kallo ake biya, kuma tsoro da fushi sun fi komai tsayar da ido.

Akwai wani ɓangare da manhajar ƙasashe irin su Finlan ko Amurka ba za ta warware mana ba, sai mu da kanmu. A can ana koya wa yaro ya ƙalubalanci abin da ya ji. A nan, saƙon daga Kawu ya zo, ko daga malamin unguwa, ko Baba ne ya ce a tura. Yaro mai tarbiyya ba zai dubi mahaifinsa ya ce ƙarya ce ba, ba ma so ya yi hakan. Saboda haka bai isa a koya masa gane ƙarya ba, sai an ba shi kalmomin da zai faɗa ba tare da ya zubar da girman kowa ba. "Baba, bari in duba ko rediyo sun faɗa tukuna." "Inna, wannan hoton kamar na taɓa ganin sa bara, a bari mu tabbatar." "Kawu, Allah ya ƙara girma, wa ya turo maka, ko za mu tambaye shi inda ya samo?" Irin wannan magana ana gwada ta a aji, wani ya zama uba, wani ya zama ɗa, har bakin yaro ya saba. Iyaye kuma sai an gaya musu a taron iyaye da malamai cewa in yaro ya ce a dakata a bincika, ba raini ba ne, abin da aka koya masa ke nan. In ba a yi wannan ba, yaro zai gane saƙon ƙarya ne, ya kuma tura shi, don an umurce shi.

Sa'annan ga abin da su yaran ke furtawa da bakinsu. Zauren WhatsApp na aji ba hirar bakin famfo ba ce da iska ke ɗaukewa. Abin da aka faɗa yana nan a naɗe, ana iya fitar da shi zuwa inda mai maganar bai taɓa zato ba. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022 daga saƙon murya a zauren aji ya faro, cikin 'yan kwanaki ya zama asarar rai da tarzoma a gari. A watan Nuwamban shekarar, wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu hukuncin bulala da tara kan bidiyon da suka sa a TikTok game da gwamnan jihar. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan tana aiki. A ƙasa da wannan duka akwai abin da ba ya kai wa jarida: yarinyar da ta tura hotonta ga wanda ta amince da shi, yanzu yana yi mata barazana da shi, ba ta da wanda za ta gaya wa don tsoron a ce ita ta jawo. Ya kamata kowace makaranta ta sami malama ɗaya da 'yan mata suka san za su iya zuwa wurinta da irin wannan magana ba tare da an tara musu jama'a ba. Kuma ya kamata yara su koyi yin saɓani da juna ba zagi, su saurari mutum har ya gama, su bambance abin da suka gani da abin da suke zato. Kulob ɗin muhawara da na 'yan jarida, waɗanda a da ke karanta labarai a taron safe, wurin koyon wannan ne, kuma farfaɗo da su ba ya cin kuɗi.

Ilimin da ake bukata yana bayan katanga ɗaya da waɗannan makarantun. Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1962 take Samaru, tana da sashen koyon aikin jarida, da sashen harsunan Afirka inda ake nazarin Hausa, da tsangayar ilimi da ke tura ɗalibai koyarwar gwaji makarantun unguwa kowace shekara, da gidan rediyonta. Cibiyar NAERLS da ke nan Samaru ta shafe shekaru tana sauke binciken noma zuwa harshen da manomi zai gane. Garin da ya iya wannan ba zai kasa rubuta ɗan littafin darasi goma da Hausa da Turanci ba, mai misalai daga abin da ya faru a ƙasar nan, a danƙa wa kowane ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji.

Lokaci kuma ba ya jira. Binciken da cibiyar CDD ta yi da abokan aikinta kan WhatsApp a zaɓen 2019 ya nuna yadda 'yan siyasa ke tsara zauruka da ɗaukar matasa aikin yaɗa saƙo, kari a kan sojojin baka da aka saba ji a rediyo. Zaɓen 2027 na tafe, da kayan haɗa murya da bidiyo waɗanda ba kowa ke da su ba a 2019. Shugabannin makarantu ba sa buƙatar jiran takarda daga Abuja kafin su ware minti goma sha biyar a mako. Zangon karatu ɗaya ya isa a horar da rukunin farko na malamai, in an fara da makarantun da ke tsakanin Samaru da Kwangila.